Tambaya da Amsa: Yadda Bature Ke Cewa “Dole”

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin wannan wata a masussuka suka same ni, nan ƙauyenmu a ƙasar Ringim. Gero ya yi, alhamdu lillahi, riɗi ne dai ruwan ƙarshe ya ɗan taɓa shi. Idona ya daina shiri da ƙananan rubutun waya, don haka jikana ke karanto mini, ni kuma ina gindin gawo ina tsinta. Da muka gama sai na ga biyar daga ciki duk rijiya ɗaya suke ɗiba: yadda ake cewa da Turanci abu ya zama dole, ko ya kamata, ko ba sai an yi ba. Su na ware. Masu tambaya a kan wasiƙar neman aiki ku yi mini uzuri, taku sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina aikin wucin gadi da wata ƙungiyar agaji, muna rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa a ƙauyukanmu. Ranar Alhamis shugabar rukuninmu ta turo mini saƙo: “You don't have to come on Saturday.” Daren nan ban runtsa ba, na ɗauka an dakatar da ni. Ranar Litinin na je a tsorace, sai na tarar ba komai, har tana tambayata ko na huta. Me take nufi?
Daga wani matashi a Auyo

AMSA: Ɗana, barcin nan ka yi asararsa a banza. Cewa ta yi ba sai ka zo ranar Asabar ba. Nauyi ta sauke maka. Da ka je ba mai korar ka, da ka zauna a gida ba mai neman ka. Da hani take nufi, “You mustn't come” za ta rubuto, ko kai tsaye “Don't come”, wato kada ka zo.

Ba a kanka farau ba. “You must come” da “You have to come” Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duka biyun dole ne ka zo. Mai hankali zai zaci in an kore su ma tare za su tafi. Ina! Da zarar “not” ya shiga tsakani sai kowa ya kama gabansa: “must not” ya zama hani, “don't have to” ya zama rangwame. Abin dariyar kuwa, mu Hausawa ba mai koya mana wannan bambanci. Yaro ɗan shekara 5 ya san “kada ka je” daban, “ba sai ka je ba” daban. Na farko in ya saɓa zai sha bulala, na biyu ganin damarsa ne.

Shekara 35 na yi ina shaƙar ƙurar alli, amma hanyar da ta fi zaunar da wannan darasi a kan ɗalibi ba ni na gano ta ba. Wani yaro ne a aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗan gidan malamai, wanda kullum da asuba sai ya ɗauki karatu a zaure gaban mahaifinsa kafin ya sa kayan makaranta. Ina ta haɗa gumi a gaban allo sai ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ashe dai hukuncin nan biyar ne na fiƙihu.” Na miƙa masa alli. Ya sa “must” da “have to” a wajibi, “should” da “ought to” a mustahabbi, “don't have to” da “needn't” a halal ɗin da yi da bari duk ɗaya ne, “shouldn't” a makaruhi, “mustn't” a haramun. Tun daga ranar da tsaninsa nake hawa. Tsanin tuni ne dai kawai, kada wani ya ce na ba da fatawa, kuma yana da mataki guda mai girgiɗi. “Should” a bakin na gaba da kai sau da yawa wajibi ne ya ari rigar mustahabbi. Takardar insha'i ta WAEC takan ce amsarka “should not be less than 450 words”. Rubuta kalma 200 ka ce ai mustahabbi ne, ka ga abin da mai duba takarda zai yi maka.

Tunda ka taɓo wurin bari in ƙarasa maka. Littattafan nahawu sukan ce “must” daga zuciyar mai magana yake fitowa, “have to” kuwa daga waje aka ɗora. In na ce “I must reduce my sugar”, ni na yi wa kaina faɗa. In na ce “I have to reduce my sugar”, likita ne ya kafa mini doka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kada ka mai da shi aya. A hirar yau da kullum, musamman a bakin mutanen Amurka, “have to” ya kusa cinye kasuwar. “Must” ya koma allunan sanarwa, da takardun magani, da bakin mai jin iko. Mutanen Ingila sukan ƙara “got” su ce “I've got to go”, shi ne wanda a fim za ka ji ya murƙushe ya zama “gotta”. Mu nan kuwa, da yake “dole” ba ta yi mana nauyi a baki, sai mu yi ta jifan mutane da “must” har baƙo ya ɗauka faɗa muke yi.

“Must” ba ya ɗaukar “to” a bayansa. “I must to go” kuskure ne, ko a bakin wa ka ji shi. Sannan ba shi da jiya, ba shi da gobe. In dolen ta wuce, “I had to go”. In tana gaba, “I will have to go”. Dalili kuwa, a tsohon Turanci na shekara 1,000 da suka wuce, shi kansa “must” siffar abin da ya wuce ce ta wani aikatau da ya mutu ya bar shi maraya, to babu sauran inda za a lanƙwasa shi. In kuma shugabar taku ta dube ka bayan kun yini a kwale-kwale ta ce “You must be tired”, ba umartar ka take ka gaji ba, cewa take lalle ka gaji.

Ga wata garaɓasa gare mu da ba mu da harafin v. A “have to” Turawan kansu ba sa furta shi, “hafta” suke cewa. A nan dai bakin Bahaushe bai yi laifi ba.

TAMBAYA: Baba Malam, ina aji uku na babbar sakandare, bana zan zauna WAEC da NECO. Malaminmu ya ba mu jerin abin da ya kira phrasal verbs har guda 150 ya ce mu haddace. Na haddace, amma da na shiga gwaji sai “get out of” da “get away with” da “let off” suka cakuɗe mini. Kuma shin “have to” ma yana cikinsu?
Daga wata ɗaliba a Birnin Kudu

AMSA: 'Yata, malaminku alheri yake nufin ku da shi, amma hadda a wannan fage zuba ruwa ne a kwando. Fara da abin da kika riga kika sani. Ɗauki “saya”. Ki ce sayo, abin ya taho wajenki. Ki ce sayar, ya bar hannunki. Ki ce saye, kin kwashe ba ki rage wa kowa ba. Ki ce sayu, cinikin ya yiwu. Tushe ɗaya ne, wutsiya ke sauyawa, ma'ana na biye da ita. Wani Baturen Ingila masanin Hausa, Parsons, ya kasa wannan tsari gida 7 a 1960, har yau da rabonsa ake koyarwa a jami'o'inmu. To Turanci ma haka yake yi, illa shi wutsiyarsa ba a manne take ba, guntuwar kalma ce a gefe: up, off, out, on, away. “Get” shi kaɗai samu ne, “get up” tashi, “get off” sauka, “get away” tserewa. In kuma kina mamakin yadda ma'anar kan yi nisa da tushenta, tuna da “ci” namu: ci bashi, ci amana, ci kasuwa, ci sarauta, ci mutunci. Ina tuwo a ciki? Bature mai koyon Hausa ma a nan yake kuka.

Waɗannan ba a jere kika haddace su ba, a bakin mutane kika tsince su. Don haka na dole ɗin ma a cikin labari zan ba ki, abin da ya faru a garinmu bayan ambaliyar 2022, da ruwa ya cinye kwalbatin da ke fitar da mu titi.

Mai unguwa ya tara mu bayan la'asar ya ce abin nan sai aikin gayya. Da Turanci, “The situation calls for communal work.” Babu wanda ya ɗaga murya ya yi kira, hali ne ya wajabta, aikin “call for” ke nan. Ya kafe a kan kowane gida ya ba da mutum ɗaya: “He insisted on one man from every house.” Gidan da maigida ya tafi cirani, nauyin ya faɗa kan babban ɗa: “It fell to the eldest son.” Kuɗin siminti karo-karo aka yi, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa: “Everyone had to chip in.” Ni da nake ganin tsufa zai cece ni, sai ga shi an jawo ni riƙon littafin kuɗi ba da son raina ba: “I was roped in.” Daga igiya kalmar take, irin zargen da ake yi wa ɗan maraƙi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai unguwa ya ce mini in tabbata ko naira ɗaya ba ta wuce ba a rubuta ba. Da Turanci yake magana da sai ya ce, “See to it that every naira is written down.” Duk wanda aka ce wa “see to it”, an rataya masa ke nan.

Yanzu ga ukun da suka cakuɗe miki. Kowane gari da gwaninsa na zillewa. Namu ba zan faɗi sunansa ba, don ana karanta masa wannan shafi. Ranar aiki ya ce haƙori ya hana shi barci, yana neman ya zame wuyansa tun kafin a ɗauki shebur: “He tried to get out of it.” Bara ma haka ya yi a yasar rijiya, ba wanda ya ce masa uffan, ya ci bulus: “He got away with it.” Bana kuwa da yamma aka gan shi a bakin kasuwa yana shan rake da haƙorin nan. Aka kai shi gaban mai unguwa za a ci shi tara, ya yi ta ba da haƙuri, aka ɗaga masa ƙafa: “They let him off.” Kin gani? “Get out of” kafin aiki ne. “Get away with” bayan an tafka laifi ne, ba a kama ba, ko an kama ba abin da ya biyo baya. “Let off” kuwa ba mai laifin ke yin sa ba, mai iko ne ke yi masa.

Wani mai hali da ya yi alkawarin siminti buhu 10 shi ma ya so ya janye, “back out” ke nan. Muka ce ina, alkawari kaya ne: “We held him to his promise.” Fenti muna iya haƙura da shi, “we can do without paint”, amma “we can't do without cement”. Riƙe wannan ta ƙarshen da kyau, don ita ce hanyar da aka fi bi a ce abu larura ne ba tare da an taɓo “must” ba. “Up to you” kuma baki biyu gare ta kamar ganga. “It's up to you” ita kaɗai, ya rage naki, zaɓi ne. Amma “It's up to you to feed them”, ciyar da su a wuyanki yake.

Inda ake zubar da maki a jarrabawa ba ma'anar ba ce sosai, ginin ne. In aikatau zai biyo bayan guntuwar kalmar sai ya ɗauki ing a ƙarshe: “He insisted on paying”, “She got out of cooking”. Ba a cewa “insisted to pay”. In wakilin suna ne, irin him, her, it, to a waɗanda ke rabuwa tsakiya yake shiga: “let him off”, “hand it in”. “Let off him” ba Turanci ba ne. Masu ƙafa uku irin “get out of” da “get away with” ba a raba su. Kuma kada ki liƙa wutsiya inda babu. “Cope up with” da ke yawo har a bakin manyan ma'aikata kuskure ne, “cope with” ne kawai.

“Have to” kuwa, in za a bi ƙa'ida, ba ya cikinsu. “To” ɗinsa na aikataun da ke gaba ne, shi ya sa ake cewa “have to pay”, ba a cewa “have to paying”. Wasu littattafan sukan kira shi da 'yan uwansa phrasal modals, daga nan ruɗanin ke tasowa. Sunan phrasal verb ɗin ma ba wani tsoho ba ne, a 1925 ya fara yaɗuwa, alhali kalmomin sun girme shi da ɗaruruwan shekaru. Mai duba takarda ba suna zai tambaye ki ba.

Kafin in bar ki, ga abin da wutsiya kan jawo. A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, ana ta sallamar ma'aikata, cikin kowa ya ɗuri ruwa. Wani abokin aikina ya yi fashin kwana 3 ya tafi biki. Aka ba shi takardar tuhuma, ya amsa. Bayan mako biyu masinja ya kawo ambulan. Idonsa ya faɗa kan “let off with a warning”, kunnensa kuwa ya saba da “laid off” da ake ta ji a lokacin, wato sallama daga aiki. Ko ƙarshen layin bai tsaya dubawa ba. Ya je gida ya ce wa iyalinsa su fara ɗaure kaya, kafin la'asar har ya sayar da kekensa Raleigh. Da magariba ya zo yi mini sallama, na karɓi takardar na haska da fitilar ƙwai, na ce masa ai yafe maka aka yi, jan kunne ne kawai. Aikin yana nan. Keken ne dai bai dawo ba, mai sayen ya ce ciniki ya faɗa.

TAMBAYA: Malam, gardama muka yi a ɗakin malamai. Ni na ce “I suppose to teach Primary 4”, abokiyar aikina ta ce ba haka ba ne. Raba mu.
Daga wata malamar firamare a Gaya

AMSA: Malama, ba ta goronta, ita ke da gaskiya. “I am supposed to teach” ne. Abu biyu kika zubar a hanya, “am” na gaba da d na ƙarshe. Ba laifinki ba ne sosai, don a furuci d ɗin narkewa yake cikin t na “to”, kunne ba ya kama shi, amma alƙalami tilas ya rubuta. “I suppose” tsirara wata magana ce daban, ina tsammani ke nan.

Kalmar tana da daɗin aiki. Tana faɗin abin da aka tsara ko ake sa rai, tana kuma barin ƙofa a buɗe cewa ba lalle a yi ba. In aka mai da ita baya kuwa kusan kullum ƙorafi ne: “The fertiliser was supposed to arrive in June”, a watan Yuni ya kamata a ce takin ya iso. Duk manomin da ya ji wannan ya san sauran zancen. Da “not” kuma hani ne mai laushi: “You are not supposed to beat the pupils”, doka ta hana, ko da yake mai faɗa ya san ana yi. Ƙanwarta ita ce “should have”: “You should have told me”, ai da kin gaya mini. Ki rubuta wa 'yan aji huɗun naki d ɗin nan da jan alli.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Likitan da ke zagayo mana sau ɗaya a mako na tura wa saƙo cewa “You better come tomorrow, we have many patients.” Ya zo, amma tun ranar yake ɗaure mini fuska. Ni kuwa “gara ka zo gobe” nake nufi. Ina laifina?
Daga wani ma'aikacin lafiya a Sumaila

AMSA: Ɗana, ko da Hausar ma, za ka dubi idon likita ka ce masa “gara ka zo gobe”? Na san ba za ka yi ba. Cewa za ka yi, “Ranka ya daɗe, da za a samu dama a leƙo mu gobe, marasa lafiya sun taru.” Ka ɓoye shi cikin “a”, ka sa “da” a gaba, ka bar masa hanyar fita. Ladabin da ka sha a nono ne ka tuɓe a bakin ƙofa kamar takalmi da za ka shiga Turanci.

Cikakkiyar siffar ita ce “You had better come”, ko a gajarce “You'd better come”, kuma da sanda take tafe a bayanta: ka zo, in ba haka ba ka kuka da kanka. Uba ke faɗa wa ɗa, ko aboki ga aboki in ya hango masa haɗari, kamar ka ce wa maƙwabcinka “You'd better take that child to hospital tonight.” Daga ƙasa ba ta hawa sama. “Had” ɗin kada ya ruɗe ka, maganar yanzu ce ko gobe. Ba ta ɗaukar “to”, korewarta kuma “had better not”. Ni kaina ta taɓa kayar da ni. A 1977 ina kwalejin horon malamai, cikin ɗiban da aka yi saboda shirin UPE, wato ilimin firamare ga kowane yaro, da aka buɗe a 1976, malamin lissafinmu Ba'indiye ya miƙo mini takardata a naɗe ya ce, “You had better see me after class.” “Better” kawai na ji. Na fita ina gaya wa abokai lissafina ya gyaru. Da na warware takardar, 12 cikin 100 na ci.

Turanci ya daɗe da zubar da bambancin “kai” da “ku”, sarki da bara duk “you” ne. Don haka girmamawarsu a tsawon jimla take da kewaye-kewaye: “Could you possibly come tomorrow, sir?” ko “We would be grateful if you could come tomorrow.” In kana son nuna larura ba tare da ka ɗora masa ba, ɗora wa halin da ake ciki: “We really need a doctor tomorrow”, ko “Two of the cases call for your attention.” Ka kuma san da juyin wannan waina. Ranar da shi ya ce maka “You might want to check that register again”, ba ra'ayinka yake nema ba. Umarni ne, tashi ka duba. In ya zagayo mako mai zuwa ka same shi shi kaɗai ka ce masa Turanci ne ya zame maka. Na san dariya zai yi.

TAMBAYA: Malam, ina sayen riɗi a kasuwannin ƙauye ina kai wa wani kamfani a Kano. Bana sun kawo takardar yarjejeniya, a ciki akwai “The supplier shall deliver 40 bags on or before 30 November.” Ɗana da ya gama sakandare ya ce “shall” na nufin “zai”, don haka ba dole ba ne, in na samu in kai. Haka ne?
Daga wani ɗan kasuwa a Malam Madori

AMSA: Alhaji, kada ka sa hannu a kan fassarar yaron nan. Ba ƙarya ya yi ba, abin da aka koya masa a aji ke nan: “I shall go”, zan tafi. Amma a takardar shari'a “shall” tsagwaron dole ce. Kundin tsarin mulkin 1999 cike yake da ita. Sashe na 24, inda aka jero abin da ke wuyan ɗan ƙasa, da “It shall be the duty of every citizen” ya fara, ba kuwa labarin gobe yake bayarwa ba. Kishiyarta a irin waɗannan takardu ita ce “may”, mai ba da zaɓi. Sa yaron ya bi takardar layi-layi da jan biro, ya ja wa kowace “shall” layi, ya kewaye kowace “may”, sannan ku duba wa aka ba wacce. In duk “shall” ɗin a kanka suke, “may” kuwa na kamfani ne, ka san irin rigar da aka ɗinka maka.

Asalin kalmar ma ɗan kasuwa zai fi kowa gane shi. A tsohon Turanci “shall” na nufin ana bin mutum bashi, “ought” kuma daga “owe” ya fito, shi ma dai bashin ne. Bature in ya ce dole, bashi yake gani. Mu kuwa kaya muke gani: a ɗora wa mutum, a rataya masa a wuya, ya ɗauki nauyi, ya sauke.

“On or before 30 November” na nufin 30 ga Nuwamba ita ce iyaka, 1 ga Disamba ka makara. Nemi inda aka rubuta “failing which” ko “in default”, don abin da ke bayansu shi ne abin da zai hau kanka in ba ka cika ba, can tarar take kwance. Duba kuma ko an faɗi nauyin buhu da kilo, domin buhun kasuwar ƙauye da sikelin kamfani ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. Ni malamin Turanci ne, ba lauya ba, kuma takardar da ta kai ta buhu 40 ta isa ka biya lauya ya karanta maka ita kafin ka dangwala. In buhunan ba su cika ba, nawa guda 6 suna nan a ɗaki, ruwan bai taɓa su duka ba. Sai dai a tawa takardar, wajen biya “shall” za mu rubuta.